Masanin Tarihi Ma Ɗan Wani Gari Ne

Ranar 27 ga Yuli, 1903, sojojin Turawan Ingila suka afka wa garin Burmi, a ƙasar Funakaye ta jihar Gombe ta yau, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya tare da ɗaruruwan mutane, waɗanda suka biyo shi daga yamma da waɗanda ya tarar a garin. Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma a nan ya mutu. Kafin haka, a watan Mayu, mutanen Burmi sun fatattaki wata runduna da Kyaftin Sword ya kawo. Zuwa nan babu mai gardama. Gardama tana tashi ne da zarar an tambaya: su wane ne waɗannan da suka mutu, kuma a kan me?

A rahotannin Turawa, taron masu tsaurin kai ne da 'yan Mahadi da suka ƙi zaman lafiya. A bakin Sakkwatawa da zuriyar waɗanda suka tsira suka wuce Sudan tare da Mai Wurno ɗan Attahiru, masu hijira ne da suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara, suka yi shahada a hanyar gabas. Akwai kuma wani baki na uku da ba a cika jin sa a wurin taro ba, na gidan sarautar Gombe. A Burmi ɗin nan ne Malam Jibril Gaini ya kafa sansaninsa ya bijire wa Gombe, kuma a yaƙi da shi ne Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a 1888. Da Turawa suka iso a 1902, Sarkin Gombe Umaru bai yaƙe su ba, su ne ma suka kama Jibril Gaini suka kai shi Lakwaja. Wato garin da muke ambata yau da girmamawa a matsayin makwancin shahidai, shekara 15 kafin nan shi ne ƙayar da ta hana Gombe barci.

To a ce ɗalibi a sashen tarihi na Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere ya ɗauki wannan batu don kundin digirinsa. Ba daga sama ya faɗo ba. Ko dai jikan Bubayero ne, wanda ya kafa masarautar Gombe, ko ɗan Bajoga, ko Batangale da kakanninsa suka san dawakin Gombe ta wata fuska dabam. Kafin ya buɗe fayil ko guda, zuciyarsa ta riga ta zaɓi wanda za ta tausaya wa. Malamansa za su ce masa ya cire son rai, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai ba wanda ya taɓa nuna inda ake kama son rai a tumɓuke shi. Ni a ganina abin da masanan kirki suke yi ba cirewa ba ne. Suna tsara aikinsu ne ta yadda idan son ransu ya yi musu sata, wani zai iya kama shi. Mai awo a kasuwar Muda Lawal ba a neman ya daina son riba, ana neman mudunsa ya kasance a fili, wanda bai yarda ba ya sake aunawa.

Turawa sun daɗe suna kai-komo a kan wannan. Bajamushen nan Leopold von Ranke ya rubuta a 1824 cewa burinsa kawai ya nuna abu yadda ya faru, aka ɗauki maganar tamkar tutar masu neman tarihi marar gauraye. A 1961 E. H. Carr na Ingila ya zo ya ce a'a, kafin ka karanta tarihi ka fara karanta wanda ya rubuta shi, domin shi ne ya zaɓi abin da zai shiga littafi da abin da za a bari a waje. Duk wanda ya yi aji ɗaya a sashen tarihi ya haddace wannan.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne Ibn Khaldun ya riga su da kusan ƙarni biyar, kuma ya fi su shiga cikin ƙwaryar aikin. A Muƙaddimarsa ta 1377 ya jero hanyoyin da ƙarya take bi ta shiga labari, ya sa goyon bayan ra'ayi da mazhaba a gaba: ran da ya riga ya karkata, in labari ya zo daidai da abin da yake so, nan take yake karɓa ba bincike. Ya ambaci yarda da mai ba da labari fiye da kima, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo, da jahiltar yadda al'umma take tafiya. Bai tsaya ga nasiha ba, ya gwada aikin. Ya ɗauko abin da Mas'udi da wasu suka rubuta cewa rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa 600,000, ya tambaya: wace ƙasa ce za ta ciyar da su, wane fili ne zai ɗauke su a jere, alhali Farisa da duk girman daularta mutum 120,000 ta tara a Ƙadisiyya? Ya auna labarin da abin da zai yiwu. Wanda ya saba jin cewa sarki kaza ya fita da doki dubu kaza a yaƙin kaza, sai ya tambayi kansa ciyawa da ruwan da dawakin nan za su buƙata a kwana guda tsakanin Bauchi da Ningi da rani.

Malaman hadisi kuwa sun mai da abin ilimi mai ƙa'ida. Ba su ce duk mai ra'ayi a watsar da ruwayarsa ba, da kuwa ba a bar kowa ba. Da yawansu sun ce a karɓi ruwayar mai wata aƙida in an san shi da gaskiya da kiyayewa, amma a yi hattara da ita a inda take ƙarfafa aƙidar tasa. Imam Zahabi ya yi gargaɗi cewa sukar da tsara yake yi wa tsaransa ba a ɗaukarta da nauyi, musamman in an ga alamar gaba ko hassada ko saɓanin mazhaba. Almajirin da ya zauna a zaure a Bauchi ya karanci wannan yana riƙe da rabin abin da ake koyarwa a jami'a da sunan tantance majiya, sai dai sau da yawa ba ya tunanin ƙa'idar ta shafi labarin garinsu.

Ta shafe shi kuwa. A watan Fabrairun 1902 rundunar Kanar Morland ta shiga Bauchi aka tuɓe Sarkin Bauchi Umaru, kuma babbar hujjar da Gwamna Lugga ya kafa ita ce ɓarnar da aka yi wa garin Gwaram da kamen bayi. Ɗan Bauchi mai kishi zai so ya ce ai ƙaryar Nasara ce. Wanda ke jin haushin sarauta zai haɗiye rahoton ɗungurungum. Dukansu sun huta da aiki. Lugga yana da buƙata: yana son ya gamsar da Landan cewa yaƙin da yake ci gaba da yi da kuɗinsu na ceton bayi ne, don haka duk wani adadi da ya bayar da duk wata siffa da ya yi wa sarki a sa musu alamar tambaya. Amma buƙatarsa ba ta goge Gwaram daga doron ƙasa ba. Akwai mutanen garin da abin da suka gada a baka, akwai abin da gidan sarautar Bauchi yake faɗa game da dalilin rikicin. Mai buƙata yana iya faɗin gaskiya, illa dai yakan zaɓi gaskiyar da za ta yi masa amfani ya ƙara mata gishiri.

Shi ya sa masu aiki a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna suke bambanta abu biyu a cikin fayil guda. Akwai abin da Razdan ko Di'o yake ƙoƙarin ya tabbatar, akwai kuma abin da ya ambata a wuce ba tare da ya damu da shi ba: farashin dawa, yawan maƙera a gari, ƙauyen da ya tarar an watse, wanda ya yi masa tafinta. Na biyun ya fi aminci, domin ba shi da ribar da zai ci in ya murɗe shi. Mafi tsada duka ita ce shaidar da mutum ya bayar a kan kansa, kamar inda jami'i ya rubuta cewa sun ƙona gari ko sun kwashe hatsi, yana ganin ba laifi ba ne. Marigayi Yusufu Bala Usman ya yi wani rubutu a kan zuwan Heinrich Barth Katsina tsakanin 1851 da 1854, inda ya nuna rashin adalcin da ake yi: a tsananta wa tarihin baka bincike, a bar rubutun Bature matafiyi ya wuce kamar wahayi, alhali shi ma ya zo da tabaransa na rarraba mutane jinsi-jinsi, ga kuma masu faɗa masa labari da nasu bukatun. Wannan ma'aunin ya hau kan Eduard Vogel da ya zo Bauchi a 1855, da Gerhard Rohlfs da ya biyo baya a 1867.

Rubutun namu ma haka. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, littafin mai yaƙi ne da yake kare yaƙinsa. Duk da haka Bello ya yi wani abu da ya cancanci yabo: ya kawo wasiƙar Shehu Laminu na Barno, mai tuhumarsu da yaƙar mutanen da ke salla, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Ba don Bello ya adana ta ba, da wuya mu ji hujjar abokin hamayyarsa da irin wannan ƙarfi. Amma dai Bello ne mai littafi, shi ya zaɓi abin da zai kawo, shi ya yi magana ta ƙarshe. Kuma idan ɗan Bauchi ya zo ba da labarin yadda Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya tare rundunar Shehu Laminu a 1827, ya sani cewa a Kukawa ba haka ake jera labarin ba.

Babu inda abin ya fi fitowa fili kamar Ningi. A wajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano bayan saɓani kan haraji, suka shiga duwatsu cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka haɗa kansu. Daga nan har zuwan Turawa, Kano da Bauchi ba su huta ba. Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu ya shafe shekaru yana fama da su, haka Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. A labaran fada, Ningawa 'yan hari ne masu ƙona ƙauyuka. Abubakar Yaya Aliyu ya rubuta kundin digirinsa na uku a Zariya a 1974 kan kafuwar mulkin masarautar Bauchi. Shekara guda bayansa Adell Patton, baƙar fatar Amurka, ya kammala nasa a Wisconsin, ya tsaya a kan dutse ya dubi masarautun daga can, ya ga mutanen da suka ƙi bautuwa suka ƙi haraji. Ƙasa ɗaya, ƙarni ɗaya, wurin tsayuwa biyu.

Ba sai an zaɓi ɗaya an jefar da ɗaya ba, amma akwai abin da kowane wurin tsayuwa yake so ya tsallake, kuma a nan ake gane masani. Mai kallo daga fada dole ya amsa me ya sa malamai Musulmi suka gudu daga daular Musulunci, me kuma ya sa mutanen dutse suka karɓe su hannu biyu. Mai kallo daga dutse dole ya faɗa cewa Ningawa su ma sun kai hare-hare sun kama bayi, kuma manomin kudancin Kano da aka kwashe wa iyali ba zai kira su masu ceto ba. Idan ka karanta aiki ka ga marubuci ya kawo abin da ke rage wa gwarzonsa kwarjini da hannunsa, ba tare da an matsa masa ba, to ka sami wanda za ka ɗan saki jiki da shi.

Sai dai littattafan koyar da bincike, da yake yawancinsu daga waje suka zo, sun fi tsoron ƙiyayya da aƙida. A nan ƙasar abin da ya fi lanƙwasa alƙalami shi ne kara. Mai bincike zai je gari da takardar gabatarwa, a kai shi wurin hakimi, hakimi ya haɗa shi da dattijon da aka sani da riƙe tarihi, a ba shi masauki, a kawo masa tuwo da fura, a ce ai kai ɗanmu ne. Dattijo ya zauna ya ba shi labari na awa uku, ya yi masa addu'a. A tsakiyar hira wani lokaci a ce, "Yaro, kashe rikodar nan tukuna," sannan a faɗi yadda aka yi da wane a rikicin gadon sarauta, ko asalin gidan su wane da yau ake yi wa kallon 'ya'yan sarauta. Ya koma gida da abu biyu: gaskiyar da ya ji, da nauyin tuwon da ya ci. Ba wanda ya ba shi cin hanci, ba wanda ya yi masa barazana. Kunya ce kawai, ga shi kuma gobe zai haɗu da jikokin mutumin a wurin ɗaurin aure. Sai babin ya fito sumul, kowane sarki adali ne mai son talakawa, kowane gari an ci shi da wa'azi.

Ba na raina wannan nauyi. Abin da aka faɗa maka bisa amana, amana ce, kuma akwai sirrin da fallasa shi ba zai ƙara wa ilimi komai ba sai dai ya ɓata auren wata baiwar Allah. Amma tsakanin rufa asirin mutum da shafe wani ɓangare na rayuwar al'umma akwai tazara. Ana iya sakaya suna a faɗi abin da ya faru. Ana iya cewa an sami ruwaya ta biyu da ta saɓa wa ta fada, a kawo ta, ba sai an ce daga bakin wane ba. Abin da bai halatta ba shi ne a rubuta kamar ruwayar ba ta wanzu.

Maganin da masu tarihin baka suka samo, tun daga Jan Vansina da littafinsa na 1961, ba a zuciya yake ba, a ƙafa yake. Kada wanda ya sauke ka ya zama shi kaɗai ke zaɓa maka mutanen da za ka gani. A ji ta bakin gidan da ke kan sarauta, a ji ta gidan da aka karɓe wa, a je unguwar maƙera da majema, a nemi tsofaffin mata, waɗanda sukan riƙe salsalar aure da haihuwa fiye da maza, a nemi zuriyar bayi in za su yarda su yi magana. A riƙa ganin mutane ɗaya-ɗaya, domin a gaban jama'a da babba ya yi magana sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe." A kuma tambayi mai ba da labari daga wa ya ji, don sau da yawa dattawa biyar da suka yi ittifaƙi, in an bi sawu, daga ɗan littafi guda na makarantar elemantare suka samo, shi kuma daga bayanin lardi da wani Razdan ya tattara. Shaida ɗaya ce ta sa riga biyar. Victor Low, wanda ya wallafa bincikensa kan Gombe da Katagum da Haɗeja a 1972, da irin wannan gwama ruwayoyi ya gina aikinsa.

Sannan a ajiye abin da aka ɗauko inda wani zai same shi. Hirarrakin da Yusufu Yunusa ya naɗa a ƙasar Kano a 1975 sun zauna shekaru, har Mohammed Bashir Salau ya zo ya yi amfani da su a littafinsa na 2011 kan gandayen bayi na Fanisau. Kaset ba ya jin kunyar kowa. Mai binciken da ya ce "wani dattijo ya faɗa mini," ba rana, ba wuri, ba naɗi, ya nemi a yarda da shi ne kawai, kuma wannan ba matsayin da masani zai nema ba ne.

Akwai wata dabara mai sauƙin faɗa: tun kafin a fita, mutum ya rubuta wa kansa amsar da yake fatan samu, da irin shaidar da in ya gan ta dole ya janye. Daga nan ya tafi neman wannan shaidar da gangan. Laifi tudu ne, kowa yana iya hango son ran Lugga, nasa ne ba ya gani, shi ya sa ake ba wa wanda ake jin zai ƙi aikin ya karanta kafin a buga. Ɗan Katagum ya ba ɗan Haɗeja, Bafulatanin Dukku ya ba ɗan Tula. Wani lokaci mutum yakan iya juya wa gidansu baya don hujja. D. J. M. Muffett jami'in mulkin mallaka ne, amma a littafinsa na 1964 kan cin Kano da Sakkwato ya saurari tsofaffin da suka ga abin da idonsu, ya kuma jefa shakku kan wasiƙar nan da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko wa Lugga yana cewa ba komai tsakaninsu sai yaƙi, wadda fassararta kawai ake da ita, ba a ga asalinta na Larabci ba. Wani lokaci kuma so yakan rinjaya, amma a fili. Trevor Clark, da ya yi aiki a lardin Bauchi ya san Abubakar Tafawa Ɓalewa ido da ido, ya fitar da ƙaton tarihin rayuwarsa a 1991. Ba a rasa ƙauna a shafukansa, kuma mai karatu ya san da wa yake magana, don haka zai iya cin amfanin tarin bayanan ya nemi ra'ayin 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a wani wuri.

Kada kuma a ɗauka karkata kullum asara ce. A 1963 Hugh Trevor-Roper na Jami'ar Oxford ya ce Afirka ba ta da tarihi sai na Turawan da suka shige ta, saura duhu ne. Haushin irin wannan raini yana cikin abin da ya zaburar da su Kenneth Dike a Ibadan da Abdullahi Smith a Zariya, aka bazama neman rubuce-rubucen Larabci a zaurukan malamai, Murray Last ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967 bisa takardun waziran Sakkwato, aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ba don kishi ba da ba a yi wannan wahala ba. Kishi yana da kyau wajen zaɓen tambaya, wajen ba da amsa ne yake ɓarna. Wancan zamani da ya dage ya nuna cewa muna da dauloli da tsarin mulki da malamai, bai tsaya sosai a kan waɗanda suka noma gandun ba. Da Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka ƙiyasta a 1993 cewa bayin da ke daular a ƙarshen ƙarni na 19 sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5, ana iya jayayya da lissafinsu, amma a kudancin Bauchi da ƙasar Tangale da Waja ba a buƙatar littafi kafin a san dalilin da ya sa kakanni suka gina gidaje a kan duwatsu.

Haka batun asali. Ƙabilu da dama a wannan yanki suna cewa daga Yaman ko daga gabas suka fito, kuma Turawa irin su H. R. Palmer sun rungumi irin waɗannan labarai da murna, domin sun dace da tunaninsu cewa duk wani abin kirki a Afirka daga waje aka kawo shi. Nan son ran mai ba da labari da na mai rubutawa suka haɗu suka ɗaura aure. Nazarin harsuna ya nuna wani abu dabam: Bolanci da Tangalanci da Geranci da Sayanci 'yan uwan Hausa ne a rukunin harsunan Chadi, abin da ke nuna daɗewa mai tsawo a wannan sashe na Afirka. Masani ba zai yi wa labarin Yaman dariya ba, zai tambaya yaushe aka fara faɗinsa da kuma amfanin da yake yi wa masu faɗa. Amma ba zai rubuta shi a matsayin abin da ya tabbata ba don kawai kakarsa ce ta faɗa masa.

Wasu sun ɗauka adalci shi ne a raba gaskiya biyu a ba kowa rabi. Wannan ma gudun aiki ne, kuma yawanci kara ce ta sake shigowa ta taga. Inda hujja ta rinjaya, a faɗa ta rinjaya. Inda ruwayoyi suka yi kunnen doki, a ce sun yi. Inda babu shaida, a bar gurbin a buɗe, kada a cike shi da abin da zai faranta wa mutanen gida.

Wannan ya fi tsanani a lokacin da tarihi ya bar aji ya shiga zauren kwamitin bincike. Bayan rikicin garin Tafawa Ɓalewa na Afrilun 1991 gwamnati ta kafa kwamitin Mai Shari'a Babalakin, rikicin kuma ya sake dawowa a 1995 da 2001 da 2011. A irin waɗannan zama, ko kan sarauta ko kan iyaka, kowane ɓangare yakan zo da takardar ƙorafi da ta fara da tarihi, sau da yawa wani ɗansu mai digiri ne ya rubuta. Ba laifi mutum ya tsaya wa jama'arsa, amma a wannan kujerar lauya ne, kuma ya kamata ya faɗi haka, kada ya ari rigar masani. Abin da masanin tarihi zai iya kai wa kwamiti bai kai yadda ɓangarori suke so ba. Takardun haraji da rahotannin ƙidaya na Kaduna suna iya nuna wa ke biya ga wa a shekara kaza, yaushe aka ƙirƙiri gunduma, wane Razdan ne ya ɗora wane a kan wane kuma da wane dalili. Tambayar wa ya fara saran daji a wurin kuwa, mafi yawan lokaci babu takarda ko ruwayar da za ta yanke ta, domin kowace ruwaya da ake da ita yau an tattara ta ne bayan an riga an fara jayayyar. Ko da an yanke ta ma, ba ita za ta faɗi inda za a ajiye fada ko yadda za a raba kasuwa ba, wannan hukunci ne na gwamnati da majalisa da mutanen da za su ci gaba da zama tare a garin.